Buzun Rufe Wasa

Malam Ɗalhatu da bakinsa ya ce ya gaji. Babu wanda ya matsa masa, babu wanda ya taɓa yi masa ko da gugar zana. Wata Asabar ce bayan la'asar, 'yan Ƙungiyar Gindin Marke sun cika tsohon siton gyaɗar da suke taruwa a bayan kasuwar Rano, sai ya miƙe, ya gyara zaman hularsa, ya ce shekaru sun ja, gwiwa ta fara yi masa gardama, lokaci ya yi da wani zai karɓi ƙungiya. Ya koma ya zauna, ya sunkuyar da kai yana jiran hayaniya. A ransa ya riga ya tsara yadda za a yi in sun taso masa da magiya: zai ƙi, su sake roƙo ya sake ƙi, daga nan ya yi ajiyar zuciya ya ce to shi ke nan, albarkacinku.

Ba su taso ba. Wata yarinya a baya ta goge ido da bakin hijabinta. Can sai Khalid, saurayin da ya fi kowa iya fitowa a matsayin wanda aka zalunta, ya ɗaga hannu.

"Allah ya saka da alheri, Malam. To yaushe za a yi zaɓen?"

Malam Ɗalhatu ne ya kafa ƙungiyar tun yana koyarwa a firamare, lokacin ba su da sito sai gindin wani marke a bakin gari. Yana tara samari da 'yan mata, yana koya musu wasan kwaikwayo da waƙa da zanen labulen da ake ratayawa a bayan 'yan wasa. In abu ya zauna musu, sai su zaga makarantu da unguwannin Rano da Kibiya su nuna wa jama'a. Cikin waɗanda ya fara da su, yanzu wasu 'ya'yansu ne ke zuwa.

Su ba sa rubuta wasa. Shugaba ne zai zaunar da su ya ba su labari da baki, wane ya yi wa wane kaza, rigima ta tashi. Sai ya raba musu matsayi, kowa ya nemo maganar da zai faɗa, a yi ta gwadawa har ta kama baki. Amma labarin ba ya wuce inda rigima ta kai maƙura. Ƙarshen wasa ba a faɗarsa, ba a kuma gwada shi ko sau ɗaya. Akwai wani tsohon buzu na rago da gashinsa ya zube a tsakiya. Ranar wasa, in rigima ta yi tsami, sai a shimfiɗa shi a gefen fage, shugaba ya hau ya zauna, yau shi ne mai gari, gobe alƙali, masu rigima su zo su durƙusa, shi kuwa ya yanke hukuncin da ya zo masa a take. 'Yan wasa da 'yan kallo tare suke jin sa. Malam Ɗalhatu ya ce ta haka ne kawai fuskar ɗan wasa za ta nuna tsoro na gaske da murna ta gaske. Tun da aka kafa ƙungiyar, babu wanda ya taɓa zama a kan buzun nan sai shi.

Mutum biyu suka tsaya zaɓe. Akwai Sule, ɗan acaɓa daga Rurum, wanda in ya shigo fage ko atishawa ya yi sai an yi dariya. Akwai kuma Afra'u, malamar firamare a Kibiya, wadda ta shigo ƙungiyar tana 'yar mitsitsiya mai riƙe wa manya gefen labule, yanzu kuma ita ce ke kwaso 'yan mata daga ƙauyukan Durba da Fassi duk Asabar. Aka ɗaga hannu. Ba sai an ƙirga ba, kowa ya ga inda rinjaye yake.

Sule ya miƙe yana kaɗa mukullin babur a yatsa.

"To madalla. Sai ku gaya mini, ranar wasa mai gari za ta fito ko alƙali? Rawanin a kan hijabi za mu naɗa mata? Ko gemu za mu liƙa mata da ƙaro?"

"Ba mai gari kaɗai ke raba faɗa ba, Yaya Sule," in ji Afra'u, ko murya ba ta ɗaga ba. "Ranar da kuka kacame da yayanka a kan taki, wa ya raba ku?"

Sito ya ɗauki dariya, don babu wanda bai san yadda gwaggon Sule ta fito da muciya ta kora su biyun cikin gida ba. Sule bai yi dariya ba. Ya ce shi ba zai durƙusa wa ƙanwar bayansa a gaban jama'a ba, ko da a wasa ne. Ya fice, samarin Rurum suka bi bayansa, aka ji babura suna tashi ɗaya bayan ɗaya.

Malam Ɗalhatu ya naɗe buzun ya miƙa mata da hannu biyu, ta durƙusa ta karɓa. Da ya saki, sai ya rasa inda zai kai hannuwan, ya cusa su a aljihu.

"Abu ɗaya nake roƙo, Shugaba," ya ce. Wasu suka yi murmushi da jin sunan a bakinsa. "A bar ni in ci gaba da zuwa. Ɗan ƙungiya kawai, kamar kowa. In shara ce a ba ni tsintsiya."

"Haba Malam! Wa zai hana ka gidanka?"

Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma tun da ya bar aiki, mako a wurinsa hanyar zuwa Asabar ce kawai. Sauran kwanakin zama ne a ƙofar gida da rediyo, ko majalisar tsofaffi inda hira ba ta wuce taki da siyasa. A siton nan ne kaɗai yake jin jininsa yana gudu. Shugabanci ya bayar, amma Asabar ba ya jin zai iya bayar da ita.

Ya zaɓi bencin bakin ƙofa, don kada a ce ya tsaya wa yarinya a gaba. Afra'u za ta tsaya a tsakiya ta ce, "Ikram, ta hagu za ki shigo." Ikram, ɗaya daga cikin 'yan matan Durba, za ta ce to, sannan ta saci kallon bakin ƙofa. In ya gyaɗa kai ta shiga. In hankalinsa na wani wuri, sai ta tsaya tana gyara ɗankwali har ya waiwayo. Ran nan tari ya sarƙe shi ana tsakiyar gwaji, gaba ɗaya 'yan wasa suka tsaya cak, suka koma farko ba tare da an ce musu komai ba, don a da tarinsa ne alamar an yi kuskure. Hatta sababbin da suka shigo bayan tafiyar su Sule, waɗanda ba su taɓa wasa a ƙarƙashinsa ba, ba su daɗe ba suka koyi waiwayen ƙofa, tunda sun ga kowa na yi.

Ya lura da haka. Kuma in za a faɗi gaskiya, abin yana yi masa daɗi, irin daɗin sosa ƙurji. Afra'u ma ta lura. Takan tsaya ta jira idanu su dawo kanta, ta cije leɓe, ta maimaita abin da ta ce.

"Yarinyar nan tana ƙoƙari," ya gaya wa matarsa Jumai wata rana da ya dawo. "Sai dai yaran ba sa jin maganarta da wuri."

Jumai tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ina za su ji? Ka ba ta buzu, ka riƙe idon mutane."

"Ni me na yi? Zama kawai nake a bakin ƙofa."

"Ai zaman ne, Malam. In zaman ƙofa kake so, ga taka nan, ga inuwa har magariba."

"Ki bar ni da Asabar ɗina, Jumai."

"Na bar ka," ta ce, ta ci gaba da buga rariya.

Da kaka ta kama, wata makaranta a Kibiya ta gayyace su. Wannan ne wasan farko da Afra'u za ta rufe. Ta zaunar da su ta ba su labari: wa da ƙane sun gaji gona, layin gamba ne iyakarsu. Da damina wan ya faki ido ya ciccire gambar ya matsar da ita cikin gonar ƙanen. Ba a gane ba sai da aka zo girbi. Rigima za ta tashi, a kai magana gaban gwaggonsu, kuma ita ce za ta fito a gwaggon. Ta ba Khalid matsayin ƙanen, ta ba Ikram na matarsa, ta raba shaidu. Na wan ne kawai ba ta ce komai a kai ba.

Bayan an watse ta zo ta durƙusa a gefen bencinsa.

"Malam, wata alfarma nake nema, in ba za ka ji haushi ba."

"Faɗi, Shugaba."

"Wan nan da ya ci iyaka, kai nake so ka fito."

Ya dube ta. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa fitowa a mai laifi ba.

"So nake su gan ka a gaban buzu," ta ce, idonta a ƙasa. "Ko sau ɗaya ne. Ina ga in suka gani da idonsu, abin zai zauna."

Wani abu mai ɗumi ya taso masa a ƙirji. Ashe ta yi tunanin abin har ta samo masa hanya, hanyar da ba sai ta ce masa ya daina zuwa ba. In dabarar nan ta ci, ita ta samu ƙungiyarta, shi ya tsira da bencinsa.

"Ɓarawon iyaka kike so?" ya ce. "Za ki ga ɓarawon da ba ki taɓa gani ba."

Ya kuwa cika alƙawari. Ya samo wata irin tafiya ta sanɗa, da yadda zai riƙa rantsuwa yana ƙifta ido ɗaya. Aka yi ta gwaji har inda aka cafke shi za a kai gaban gwaggo, a nan ake tsayawa, kamar yadda aka saba. Kansa ne kawai bai iya tsayawa ba. Ko bai so ba, ya riga ya gama shirya hukuncin da zai yanke da a ce shi ne a kan buzu: wan ya mayar da gamba da hannunsa jama'a na kallo, ya kuma nome wa ƙanen gonarsa damina mai zuwa. Har kalmomin ya jera, suna nan a bakinsa kamar goro.

Ranar wasan suka kama hanyar Kibiya da azahar. An yanke gero, dawa tana tsaye ta sunkuyar da jajayen kawuna har gindin duwatsu. A filin makarantar aka ɗaure labule tsakanin darbejiya biyu, 'yan matan Fassi sun zana masa gona da rumbuna. Kafin a idar da la'asar fili ya cika, mata a gefe, maza a gefe, masu rake da dafaffiyar gyaɗa suna zagayawa. Can baya, ga Sule zaune a kan baburinsa, samarin Rurum kewaye da shi.

"Malam! Fasinja na kawo, na ce bari in huta," ya ɗaga murya. "An ce yau kai ne ɓarawon? Ka ga irin abin da nake gudu ke nan."

"Tsaya ka kalla, ko ka koyi sana'a," in ji Malam Ɗalhatu.

Wasa ya yi armashi. Malam Ɗalhatu ya fito da yagaggiyar taguwa da malafa, fartanya a kafaɗa, yana cire gamba yana waige-waige. Wata tsohuwa a cikin mata ta kasa daurewa, ta miƙe tana nuna shi da yatsa: "Tsoho da kai! Ka ji tsoron Allah!" Jama'a suka kwashe da dariya, shi kuwa ya ji kamar an cire masa shekaru. Rigima ta tashi, aka yi cacar baki, aka ɗaga fartanya, shaidu suka cafke shi.

Aka shimfiɗa buzu a hagun fage. Afra'u ta fito da tsohon zani da sanda, ta shafa toka a gira, tana jan carbi, tana tafiya a duƙe. Ta zauna. Shaidu suka ja shi suka zaunar a dama, a ƙasa tsirara, ya tsuguna ya sadda kai irin na wanda asirinsa ya tonu. Suka koma bayan labule don su shigo da mai ƙara.

Khalid ya shigo yana kuka, kukan nan nasa da ke sa mata su share ido. Ikram na biye, shaidu na bayanta. Hawaye sun cika masa ido, ya bar ƙafarsa ta kai shi inda ta saba kai shi. Ya wuce buzun ko kallo bai yi ba, ya zo gaban Malam Ɗalhatu ya zube.

"Ranka ya daɗe, ƙara na kawo..."

Ikram ta zube a bayansa. Shaidu suka zube. Gaba ɗayansu suka durƙusa a gaban ɓarawon iyaka, suka ba gwaggo baya.

Ba da gangan suka yi ba. Ba a taɓa gwada wannan wurin ba, kuma tun suna yara, in rigima ta ƙare, fuska ɗaya suka sani. Khalid ya farga maganar tana rabin bakinsa. Ya yi tsuru, baki buɗe, amma bai tashi ba. Sai ma ya ƙara kafe Malam Ɗalhatu da ido, idon da ke cewa Malam, fitar da mu.

'Yan kallo suka fara ƙus-ƙus, sannan dariya ta ɓarke.

"Kai jama'a, ɓarawon ne sarki!"

Muryar Sule ta keto daga baya: "Ku ƙara duƙawa, bai ji ba! Gwaggo, sai ki naɗe shimfiɗarki, an tashi kasuwa!"

Gyaran ba wuya a wurin Malam Ɗalhatu. Ya san yadda zai yi tun kafin dariyar ta lafa. Sai wan ya fashe da kukan nadama, ya rungume ƙanensa, ya ce zai mayar da gamba da hannunsa, zai nome masa gona. Hukuncin yana nan a bakinsa a shirye. Jama'a za su yi tafi, babu wanda zai san an yi kuskure, yara za su zo suna yi masa godiya. Asabar mai zuwa kuma ya koma bencinsa.

Ya ɗaga kai ya hangi Afra'u ta saman kawunansu. Ita kaɗai ce a fagen ba ta kallonsa. Idonta na kan carbinta, ta matse baki, tana zaune daram a kan buzun da babu kowa a gabansa. Ya ga cewa in ya buɗe baki yau, haka za ta yi ta zama, bana da baɗi, muddin yana inda ido zai same shi.

Sai ya zabura ya miƙe, ya yi jifa da fartanya.

"Ni za ku rutsa? Sai dai ku kama iska!"

Ya tsallake Khalid ya arce. Ya keta cikin 'yan kallo, mutane suna darewa suna ihu, malafarsa ta faɗi bai waiwaya ba. Fili ya kaure da shewa, kowa ya ɗauka haka wasan yake. Ya bi ta bayan ajujuwa, ya fita ta wani gibin katanga, bai tsaya ba sai da ya kai bakin wata gonar dawa. A nan gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya zauna a kan kunya yana haki, ƙirjinsa kamar zai tsage.

Daga inda yake, ya ji hayaniyar tana lafawa. Sai wata muryar mace ta tashi, siririya, amma ba ta rawa. Kalmomin ba sa isowa. Aka yi dariya, ba irin ta ɗazu ba. Jim kaɗan ya ji ƙarar babur ta nufo shi.

Sule ne, fuska a murtuke.

"Malam, gudun nan yana cikin labarin?"

"Yanzu ya shiga. Me ya kawo ka?"

"Aiko ni aka yi." Sule ya kashe babur ya yi tsaki. "Tana daka musu tsawa suka juyo gabanta kamar an ja su da igiya. Sai ta ɗaga sandar nan ta nuna ni, wai kai mai babur ɗin can mai dogon baki, bi shi ka kamo mini shi. Duk fili aka juyo ana kallona. Ya zan yi? Hau mu je, suna jira."

"Ba zan koma ba."

"To me zan ce mata?"

"Ka ce ka duba ko'ina ba ka gan ni ba. Kai da ka iya ƙarya a fage."

Sule ya sosa ƙeya, ya dubi makarantar, ya dubi tsohon.

"In na shiga ba da rahoto fa, sai na durƙusa."

"Gwiwarka lafiya lau take, ba irin tawa ba."

Sule ya yi ta gunaguni, ya tayar da babur ya juya. Malam Ɗalhatu ya kasa kunne. Ya ji lokacin da Sule ya shiga fage, don dariyar da ake yi wa Sule daban take, daga ciki take fitowa. Bayan nan aka yi shiru mai tsawo, muryar macen kaɗai ke tashi tana sauka. Sannan tafi ya ɓarke, ya daɗe bai tsaya ba. Karo na farko ke nan da aka rufe wasan Gindin Marke bai san da me aka rufe ba. Ya lallaɓa ya fita titi, ya tari mota zuwa Rano da yagaggiyar taguwarsa, fasinjoji suna satar kallonsa.

Washegari da hantsi Afra'u ta yi sallama, malafarsa a hannunta. Jumai ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta koma gefe tana ɓarar gyaɗa, kunnenta a wajensu.

"Yaya gwiwar, Malam?"

"Ta yi fushi, amma za ta huce. Da me kika rufe?"

"Cewa na yi ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa. Hatsin da aka girba a wurin rigimar a zuba a rumbun gwaggo, kada kowa ya taɓa. Ranar da wan ya dawo da ƙafarsa ya mayar da gamba, a raba musu."

Shi bai taɓa barin wasa da bakin zare a sake haka ba. A ganinsa ɗan kallo ya kamata ya tafi gida ya san wa ya ci, wa ya faɗi. Gyaran ya taso masa har maƙogwaro. Ya haɗiye shi da kurɓin ruwa.

"Ya yi," ya ce.

"Khalid ya yi ta kuka, wai shi ya ɓata komai. Ya ce ranar Asabar zai ba ka haƙuri a gaban kowa."

"Ki ce masa babu komai. Asabar kuma ba zan zo ba, Shugaba. Ba wannan kaɗai ba."

"Malam..."

"Duk ranar da kuke da wasa ki aiko a gaya mini. Zan zo kallo, in tsaya can baya wajen masu rake."

Ta sunkuyar da kai. Ya ga hawaye sun ɗigo a kan hijabinta, ya kuma ga kafaɗunta sun sauka kamar ta wadda aka sauke wa tulu. Duka biyun gaskiya ne. Ba ta roƙe shi ba. Abin ya sake sukarsa daidai inda ya soke shi ranar da ya ce ya gaji, sai dai wannan karon da ta roƙa, da ya ji haushinta.

"Yaya Sule ya ce zai dawo," ta ce bayan ta goge ido. "Wai don ya gyara mana kurakurai."

"Ki ba shi ɓarawo a wasa na gaba. Ya fi ni gudu."

Ta yi dariya, ta yi wa Jumai sallama, ta tafi.

Da Asabar ta zagayo, bayan la'asar ya fito da tabarmarsa ƙofar gida. Jumai ta turo masa ƙwaryar gyaɗa, ya hau ɓara. Can sai ga baburan Rurum sun wuce a jere sun nufi bayan kasuwa, Sule a gaba, ya danna masa oda. Ya ɗaga hannu ya bi su da kallo har suka sha kwana. Ɓawon gyaɗa ya shiga masa maƙogwaro, tari ya taso, ya yi abinsa son ransa. Mai tallar awara ta ci gaba da kiranta, awaki suka ci gaba da tsallaka titi, babu abin da ya tsaya.